Kafin Ka Yanki Tikitin Indiya, Tsaya Ka Ji



In ka ɗebe ƙasa mai tsarki, ba na jin akwai wata ƙasar waje da Bahaushe yake ganin ya sani kamar Indiya. Iyayenmu sun kalli Mother India na 1957 da Sholay na 1975 a silima, mu muka taso da kaset ɗin Kuch Kuch Hota Hai na 1998, ƙannenmu kuma suka zo suka tarar da fassarar Algaita a waya. Jaruman ma har suna muka raɗa masu: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. A nan Sakkwato, in ka tsaya bakin titi, baburan 'yan kabu-kabu da keke napep galibinsu Bajaj ne ko TVS, duk kamfanonin Indiya. In ka shiga kemis, ka juya bayan kwalin magani, sau da yawa sunan wani garin Indiya za ka gani. Kai, da yawa cikin 'yan bokonmu masu furfura, malami Ba'indiye ne ya koya masu lissafi ko kimiyya a sakandare a shekarun 1970 da 1980.

To, ni a ganina wannan sabon shi ne babban haɗarin da ke jiran Basakkwacen da zai je Indiya karon farko. Wanda zai tafi Jamus ko Japan ya san bai san komai ba, don haka yakan yi tambaya, ya karanta, ya shirya. Shi kuwa mai tafiya Indiya sai ya ga ai gida zai je, tunda ya iya gaisuwa da kalmomi huɗu ko biyar na soyayya. Alhali Indiyar fim daban, Indiyar da jirgi zai sauke ka daban. Kuma mu tuna, mutanenmu ba yawon buɗe ido yake kai su ba. Yawancinsu majinyata ne da masu rakiyarsu, sai ɗalibai, sai 'yan kasuwa. Akwai wanda gona ya sayar, akwai wanda dangi suka yi wa karo-karo, akwai wadda zinarenta na aure ta ɗauka ta kai kasuwa. Irin wannan kuɗi bai kamata rashin sani ya cinye shi ba. Na taɓa yin rakiyar majinyaci zuwa can, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan magana.

Da farko, mai karatu, ka gane girman ƙasar. Indiya ta ninka Nijeriya a faɗi fiye da sau uku da rabi. Mutanenta sun haura biliyan 1.4, kuma a 2023 ta zarce ƙasar Sin a yawan jama'a. Tana da jihohi 28 da yankuna 8 da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Jiha ɗaya tak, Uttar Pradesh, an ƙidaya mutum kusan miliyan 200 a cikinta tun a 2011. Daga Delhi zuwa Chennai a jirgin ƙasa tafiyar fiye da yini guda ce da kwana. Saboda haka in an ce maka wani ɗan unguwarku "yana Indiya, zai tarbe ka", tambayi wane gari yake, don mai yiwuwa tsakaninku ya fi Sakkwato zuwa Legas nisa.

Harshen da muke kira Indiyanci, wato Hindi, ba kowa ke jin sa ba. Tsarin mulkinsu ya amince da harsuna 22, kuma a ƙidayar 2011 waɗanda Hindi ne harshensu na gado ba su kai rabin jama'a ba. A Chennai Tamil ake yi, a Hyderabad Telugu da Urdu, a Bengaluru Kannada, a Kerala Malayalam. Waɗannan kuwa su ne wuraren da ake yawan kai majinyata da ɗalibai. Hasali ma da yawa daga finafinan da ake fassara mana yanzu, irin su Baahubali na 2015, asalinsu na kudu ne, ba na Mumbai ba. Duwatsun ƙanƙarar nan da muka gani ana rawa a kansu a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ma, a Siwizalan aka ɗauke su. Abin da zai fisshe ka a asibiti ko a makaranta shi ne Turanci, in kuma ba ka ji, to ka tafi da mai ji wanda ka amince da shi. Kuma ka lura da girgiza kai irin tasu: mutum zai karkaɗa kai gefe da gefe, kai ka ɗauka ya ƙi, alhali "to, na ji" yake nufi.

Sai batun takardu. Biza daga ofishin jakadancinsu na Abuja ko na Legas take fitowa, kuma kowace da irinta: ta jinya daban, ta mai rakiyar majinyaci daban, ta karatu daban. Kada wani ejan ya ce maka ka shiga da ta yawon buɗe ido, wai in ka je can za a gyara. Ka riƙe katin allurar riga-kafin cutar shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma a yi maka allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, don wanda ya fito daga Nijeriya ba tare da shi ba ana iya tsare shi a killace har kwana shida. In bizarka ta haura kwana 180, doka ta ce ka yi rajista da ofishin kula da baƙi, wanda suke kira FRRO, cikin kwana 14 da saukarka. In jinya ta ja, ka nemi ƙarin wa'adi tun biza ba ta mutu ba. Zama bayan ƙarewar biza laifi ne babba a can, kuma ya jefa 'yan Nijeriya da yawa cikin wahala. Haka kuma, ko wane ne ya ba ka saƙon ƙunshi a filin jirgi, ko da kuka yake yi, ka ba shi haƙuri. Dokarsu ta miyagun ƙwayoyi ta 1985 ba ta san "ban san abin da ke ciki ba".

Yanzu ga ɗan hakin da ake rainawa, wato lissafin kuɗi. Kuɗinsu rufi ne, amma ba sa ƙirga da miliyan yadda muke yi. Suna cewa lakh, wato dubu ɗari, da crore, wato miliyan goma. Waƙafin ma ba inda muka saba suke sa shi ba: dubu ɗari biyar sai su rubuta 5,00,000. Mutum yana tsaye da mara lafiya, hankalinsa a tashe, aka miƙo masa takarda aka ce lakh takwas, in bai san wannan ba ta yaya zai san nawa ake nema? Shawarata ita ce, tun kana Sakkwato ka aika da sakamakon gwaje-gwajenka ga asibitin kai tsaye, su ba ka ƙiyasin kuɗi a rubuce, ka kuma nemi na asibiti na biyu ka gwada. Kuɗin aiki ka biya a asusun asibiti ka karɓi rasit, ba a hannun ɗan tsakiya ba. Ka kuma sani ƙiyasin bai haɗa da masauki da abinci da magungunan bayan sallama ba.

Mai neman dashen ƙoda ya ƙara buɗe kunne. Dokar Indiya ta 1994 ta haramta saye da sayar da sassan jikin mutum. Baƙo shi zai zo da mai ba shi ƙoda daga cikin danginsa, da takardun da suka tabbatar da dangantakar, sannan wani kwamiti ya zauna ya amince. Duk wanda ya ce maka ka zo kawai, a can za a samo maka, to rami yake haƙa maka. Kafin ma a kai ga nan, a fara zama da likitan gida. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, namu na Usmanu Ɗanfodiyo shi ma ya yi nasa na farko a 2025. Ba cewa nake yi kada a je ba, akwai ƙwararrun likitoci da na'urori a can waɗanda suka ceci rayukan mutanenmu da yardar Allah. Cewa nake yi likita ne ya kamata ya ce a tafi, ba ejan ba, ba kuma maƙwabcin da ya ce wane ma can aka kai shi ba.

Zafi dai ba zai ba Basakkwace tsoro ba, don Delhi a watan Mayu da Yuni 'yar'uwar Sakkwato ce a watan Afrilu. Abin da bai saba da shi ba shi ne sanyin Disamba da Janairu, mai haɗe da hazo da hayaƙi da ke wahalar da mai ciwon ƙirji, da kuma ruwan damina daga Yuni zuwa Satumba wanda kan tsayar da Mumbai cak. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Motoci ta hagu suke bi, don haka kafin ka tsallaka titi dubi dama tukuna. Ruwa ka sha na roba mai hatimi. Abinci da yaji, kuma a wurare da yawa ba nama. Kayan kanti in ka ga alama koriya a jiki, to ba nama a ciki.

Maganar nama kuwa ba ta wasa ba ce. Saniya abin girmamawa ce ga mabiya addinin Hindu, kuma yawancin jihohi sun haramta yanka ta. A 2015 an kashe wani Musulmi, Mohammad Akhlaq, a Dadri kusa da Delhi bisa jita-jitar yana da naman saniya a gida. Don haka kilishin nan da ba ma tafiya sai da shi, a bar shi a gida. Naman halal na kaza da akuya yana nan a unguwannin Musulmi.

Akwai kuma abin da fim ba ya nunawa, kuma ɓoye shi cin amana ne: launin fata. Za a kalle ka, wani lokaci kallo mai nauyi. Akwai masu gidan da ba sa ba ɗan Afirka haya. A watan Maris na 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida da duka bisa zargin da ba a tabbatar ba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, za ka haɗu da mutanen kirki da za su bar aikinsu su nuna maka hanya. Amma iyayen da za su tura ɗa ko 'ya karatu su bincika garin da makarantar da masaukin, su ji ta bakin ɗaliban da ke can, kada hoton ƙasida ya ruɗe su.

Wani zai ce, to Malam, ka tsorata mu, ina daɗin ƙasar? Daɗin yana nan, kuma ya fi na fim zurfi. Musulmin Indiya a ƙidayar 2011 sun kai kimanin miliyan 172. Babban masallacin Delhi da Sarki Shah Jahan ya gina an kammala shi a 1656, kusan shekara ɗari kafin haihuwar Shehu Usmanu a 1754. A wannan birni babban malamin hadisi Shah Waliyullah ya rayu, ya rasu a 1762, lokacin Shehu yana yaro ɗan shekara bakwai. Tuhfatul Ahwazi da Ar-Rahiƙul Makhtum da ake karantawa a zaurukanmu, marubutansu mutanen Mubarakpur ne a Uttar Pradesh. Galibin Musulmin can Hanafawa ne, don haka in ka ga ɗan bambanci a sahu ko lokacin la'asar, kada ka ɗaga murya, mazhaba ce. Akwai ma Indiyawa baƙaƙe 'yan asalin Afirka da ake kira Siddi, kuma wani mutumin Habasha, Malik Ambar, wanda aka kai shi a bawa, ya zama babban mai mulki a yankin Deccan har ya rasu a 1626. Shi kansa Lugga, wanda sojojinsa suka ci Sakkwato a 1903, a Madras aka haife shi, wato Chennai ta yau. Ashe tarihinmu da nasu ya daɗe da haɗuwa. In Allah ya ba da lafiya aka samu sarari, a je Agra a ga Taj Mahal, sai dai a tuna ran Juma'a a rufe yake ga masu ziyara.

Daga ƙarshe ina da ƙorafi ga 'yan'uwana marubuta. Sau nawa muka karanta labarin da Alhaji ya ɗauki amarya ko mara lafiya, shafi ɗaya suna Abuja, shafi na gaba suna "Indiya", babu gari, babu biza, babu layi, kowa na magana da Hindi, bayan sati biyu an warke an dawo da tsaraba? Littattafanmu suna shiga ɗakunan da jarida ba ta shiga. Matar da za ta raka mijinta jinya gobe, mai yiwuwa abin da ta sani game da ƙasar daga fim ne da littafinki ko littafinka. In za mu kai tauraronmu can, mu kai shi gari mai suna, ya sha wahalar harshe, ya rikice da lissafin lakh, ya yi kewar fura da tuwon gida. Labarin zai fi daɗi, kuma zai yi wa wani amfani.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, sun kuma ce mai tambaya ba ya ɓata. Indiya ƙasa ce da ta cancanci a je a gani, amma a je mata a matsayin baƙon da ya zo koyo, da takardu cikakku da lissafi a hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ɗalibanmu sa'a, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya. Amin.