Fitila Ba Ta Dafa Tuwo

Ya 'yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so ku ba ni hankalinku kaɗan a kan wata magana wadda manyan duniya su ke ta taruwa dominta, watau kiyaye ƙasa da dazuzzuka, da neman wuta marar hayaƙi. A shekarar 2015 ƙasashe suka taru a Paris, babban birnin Faransa, suka ƙulla alkawarin rage hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi. A 2021 kuma, a taron Glasgow ta ƙasar Birtaniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa da wanda ta ke kawarwa. To, madalla. Amma ni a ganina, a nan ƙasar Jaba ba a zauren taro za a gane ko alkawarin ya cika ba. A gindin murhu za a gane.

Ga dalilina. In aka ce taimakon ƙasashen waje, abin da ya kan fara zuwa zukatanmu shi ne farantan hasken rana. Ba na raina su. Da taimakon gwamnatin Birtaniya, ƙarƙashin shirin Solar Nigeria, an sa irinsu a ƙananan asibitoci da dama na Jihar Kaduna, kuma duk wanda ya san yadda a ke karɓar haihuwa da tocila ya san wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai fitila ba ta dafa tuwo. Gidan da ke da farantai bisa rufi, da gidan da babu, da safe duk da itace ko gawayi a ke hura wuta. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, wajen mutum 4 cikin 5 da irin wannan wuta su ke dafa abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Uwayenmu da ƙannenmu da a ke goye da su a ɗakin girki su ne kan gaba wajen shaƙarsa.

Wani zai ce, "Ai gawayi ba baƙo ba ne a ƙasar nan." Gaskiyarsa. Ga ƙauyen Nok nan kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka tono kan mutum-mutumin yumɓu a 1928. Masana sun nuna mutanen wancan zamani suna narka ƙarfe tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma da gawayi a ke narka shi. Abin da ke sabo shi ne babbar mota. Dā maƙeri ya kan sare kirya ɗaya ta ishe shi aiki kwana da kwanaki. Yanzu kuwa buhuna a ke jerawa bakin hanya, motoci na kwasa zuwa Kaduna da Keffi da Abuja, inda bakunan ci ba su ƙidayuwa. Itacen da ya yi shekara 40 yana girma, cikin mako guda ya zama baƙin buhu.

Wani kuma zai ce, "Mu nan ruwan sama ya wadace mu, hamada ta mutanen Sakkwato da Barno ce." To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tamu hasarar ta wata hanya ta ke zuwa. In aka aske tudu, ruwan sama ya kan kwashe ƙasar sama mai albarka ya bar kwazazzabo, rafi kuma ya ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Manomin citta ya fi kowa sanin wannan, don da ganye da ciyawa ya ke lulluɓe gonarsa bayan shuka, kuma kowace shekara sai ya ƙara nisa kafin ya samo su. In ɗorawa ta tafi, daddawa ta tafi. In kaɗanya ta faɗi, man kaɗe ya bi ta.

Ban ce a zagi mai ƙona gawayi ba. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a ƙasashen Jaba da Kachia da Kagarko, gonaki da yawa suka ruɓe, mutane suka rasa har iri. A shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, kome ya yi tsada. Magidancin da cittarsa ta lalace, ga kuɗin makarantar yara, in ya ɗauki gatari ba mugunta ta sa shi ba. Haka matar da gas da kananzir suka fi ƙarfinta. Hani kaɗai ba ya maganin wannan. Sai an nuna wa mutum hanyar da zai dafa abinci da itace kaɗan, da hanyar da itacen zai riƙa komowa.

Duka biyun kuwa akwai su, kuma ta haɗin kai da baƙi aka same su. Ta farko, murhu mai tsimin itace. Wata ƙungiya ta Kaduna mai suna DARE, tare da wata ta Jamus mai suna atmosfair, sun yaɗa wani murhun ƙarfe da a ke kira Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin itace da wajen kashi 80 cikin 100. Da fari daga Jamus a ke kawo sassansa a haɗa a nan, daga baya aka kafa masana'antarsa a Kano. Wanda bai iya sayensa ba, ko murhun laka da aka gina da kyau, mai tare iska yana tara zafi ƙarƙashin tukunya, ya fi duwatsu uku nesa ba kusa ba.

Ta biyu ta fi burge ni, don ba ta bukatar inji ko kaɗan. Kun san mishan ɗin SIM da ta daɗe da zama a Kwoi. Wani ma'aikacinta ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai cikin ƙasa. Sai ya shawarci manoma su zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Da fari dariya aka yi masa. Da manoma suka ga amfanin abin, sai maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci, har suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. In wannan ya yiwu a Maraɗi mai ƙarancin ruwa, ina ga ƙasarmu, inda kututture ke toho ko ba a roƙe shi ba?

Ku duba bambancin. Baƙon ya kawo ilmi, ilmin ya zauna a hannun masu ƙasa. Farantai da batir kuwa, in ba a koya wa ɗan gari gyaransu ba, ranar da waya guda ta tsinke sun zama kayan kallo. Zanen aro ba ya rufe katara. A 2024 an yi wani taro a Paris musamman don maganar girki a Afirka, aka yi alkawarin dala biliyan 2.2. Ina fata rabonmu ya iso. Amma ko ya iso, sai ya tarad da mutanen da suka shirya, in ba haka ba ya wuce kamar ruwa a bayan agwagwa.

Wa zai shirya su? Mu ne. Babu ƙauyen da malamin makaranta ba ya kaiwa, kuma icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta ɗaya, mu fara da ɗakin girkinmu. 'Yan ajin kimiyya su auna nauyin itacen da a ke ƙonawa cikin mako guda, sa'an nan a gina murhun laka a sake aunawa, a manna sakamakon a allon sanarwa kowa ya gani. Ta biyu, a keɓe wani yanki na gonar kwaleji inda za a bar kututtura su toho, kowane aji da nasa layi. Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga gandun dajin Nimbia nan wajen Gidan Waya yana nuna cewa itace abin nomawa ne kamar dawa. Ta uku, duk wanda za a tura koyon aikin koyarwa ya tafi da waɗannan dabaru biyu, ya kuma fara gai da dagaci da shugabannin mata na coci da na masallaci kafin ya buɗe baki, don itacen gona yana da mai shi, murhu kuma na mata ne.

Na san za a ce aikin malami ya riga ya yi masa yawa, albashi kuma ba ya kai wata. Haka ne. Amma laka ba a saye, wuƙar datse toho kuwa kowane gida akwai. Shugabanci shi ne mutum ya fara yi a gaban idon jama'a, har su ga ya yi kyau su kwaikwaya. In shekara ta kewayo muka iya cewa ga yawan itacen da muka rage, ga yawan kututturan da suka zama itatuwa, to ranar da baƙi suka zo da taimako za mu zauna da su a matsayin abokan aiki, da lissafinmu a hannu.

Allah ya ba mu ikon yi, ya bar wa na bayanmu inuwa. Amin.