Ƙwayar yashi mai shekara biliyan 4: Binciken tsofaffin duwatsu ba ɓarnar kuɗi ba ne

A tsaunukan Jack Hills da ke yammacin Ostiraliya, kimanin kilomita 800 arewa da birnin Perth, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ake kira zarkon. Yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Amma har yau ba a samu wani abu da aka yi a doron duniya da ya girme su ba.

A shekarar 2001, Simon Wilde na Jami'ar Curtin da John Valley na Jami'ar Wisconsin a Amurka, tare da abokan aikinsu, suka bayyana cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta shekara biliyan 4.4. Duniyar kanta shekarunta kimanin biliyan 4.5 ne.

Wanda ke fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta na iya tambaya: to, sai me? Shekarun dutse na cika tukunya? Tambayar tana kan hanya, kuma tana da amsa. Wannan ilimi ya taɓa tsare lafiyar miliyoyin yara, kuma shi ke nuna wa masu haƙar ma'adinai inda za su dosa.

Agogon da ke cikin dutse

Sinadari ɗaya kan zo iri-iri, kamar 'yan gida ɗaya da nauyinsu ya bambanta. Su ne masana ke kira aisotop. Wasu ba sa canzawa, wasu kuma a hankali suke rikiɗa su koma wani sinadari, cikin saurin da zafi ko matsi ba sa sauya shi.

Yuraniyom na cikin masu rikiɗa, kuma ƙarshensa dalma. Irin da ake kira yuraniyom-238, rabinsa kan koma dalma cikin shekara biliyan 4.47. Shi kuwa yuraniyom-235, shekara miliyan 704 ke isar sa.

Lokacin da zarkon ke daskarewa daga narkakken dutse, yana karɓar yuraniyom amma yana ƙin dalma. Saboda haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta taru. In aka auna yuraniyom da ya rage da dalmar da ta samu, sai shekaru su fito. Tunda iri biyu ne na yuraniyom, agogo biyu ke nan a ƙwaya guda, kowanne na tabbatar da ɗan'uwansa.

Ga shi kuma zarkon da taurin kai. Dutsen da ya haife shi zai farfashe ya zama yashi, ruwa ya kwashe, yashin ya sake zama wani dutse, shi yana nan. Na Jack Hills ma a cikin dutsen da bai wuce shekara biliyan 3 ba aka tsince su. Iyayensu sun daɗe da shuɗewa.

Abin da Valley ya gano

Da can, akasarin masana na ɗaukar farkon rayuwar duniya a matsayin zamanin wuta, babu tudu babu teku. Valley ƙwararre ne kan aisotop ɗin oksijin, kuma abin da aka auna a ƙwayoyin ya nuna cewa dutsen da suka fito daga cikinsa ya ƙunshi abin da ya taɓa cuɗanya da ruwa a yanayi marar tsananin zafi. Ma'ana, ɓawon ƙasa ya daskare kuma ruwa ya kwanta a kansa tun da wuri, fiye da yadda ake zato.

Masu shakka suka ce wataƙila dalmar ta yi yawo a cikin ƙwayar ta ɓata lissafi. Valley bai tsaya musu da baki ba. A 2014 shi da tawagarsa suka yi amfani da wata na'ura mai tantance ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya a kan wani zarkon na Jack Hills. Suka tarar dalmar ta motsa, amma ɗan motsin da bai isa ya canza sakamako ba. Shekarun wannan ƙwaya suka tabbata: biliyan 4.374.

Har yanzu akwai saɓani kan yadda nahiyoyi suka girma. Richard Armstrong ya daɗe yana cewa yawancin ɓawonsu ya samu tun farko, sai dai ƙasa na haɗiye shi tana sake fito da sabo. Wasu suka ce a'a, kaɗan-kaɗan ya taru. Wani bincike na 2012 da ya dogara da aisotop ɗin hafniyom da oksijin a cikin zarkon ya ƙiyasta cewa kusan kashi 65 cikin 100 na ɓawon nahiyoyin yau ya riga ya samu shekara biliyan 3 da suka wuce. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma da awo ake yin ta.

Mutumin da ya auna duniya ya gano guba

Babbar hujjar amfanin wannan fanni ita ce rayuwar Clair Patterson. Yana ɗalibi a Jami'ar Chicago aka ba shi aikin auna dalma a cikin zarkon. Kullum sai ya tarar da ita fiye da kima. Daga baya ya gane cewa dalmar daga waje take shigowa: daga iska, da ƙura, da ruwan famfo, da kayan aiki. Dole ta sa ya tsara ɗakin gwaji mai tsananin tsafta.

A 1956 ya wallafa cewa duniya ta shekara biliyan 4.55, bisa awon da ya yi wa duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya. Adadin bai canza sosai ba har yau.

Sai dai tambayar farko ba ta bar shi ba: daga ina dalmar nan take? Ya bi sawunta a ruwan teku da ƙanƙarar Greenland, sawun ya kai shi ga man fetur, wanda tun shekarun 1920 ake zuba masa dalma. A 1965 ya wallafa sakamakon da ya nuna jikin mutanen zamani na ɗauke da dalma ninkin-ba-ninkin abin da ke jikin mutanen da. Masu cin ribar harkar suka taso masa, ya rasa tallafin bincike, amma bai janye ba.

Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996, jim kaɗan bayan rasuwarsa. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021.

Ba wanda ya ba Patterson kuɗi don ya kare ƙwaƙwalwar yara. Shekarun duwatsu aka ce ya auna. Da an yi wa aikinsa tambayar "yana cika tukunya?" da tun ranar farko an rufe shi.

Illar dalma kuwa ba baƙuwa ba ce a Arewa. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ba tare da sanin abin da ke tattare da shi ba.

Kaduna na cikin wannan tarihi

A 2001, shekarar da aka sanar da sakamakon Jack Hills, Alfred Kröner na Jami'ar Mainz a Jamus, da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba, da Robert Pidgeon na Curtin suka wallafa cewa wani dutse a Kaduna na ɗauke da zarkon mai shekara kimanin biliyan 3.57. Sun bayyana shi a lokacin a matsayin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Da na'urar SHRIMP, ƙirar Ostiraliya, aka yi awon. Mutum nawa ne a Kaduna suka san da wannan?

Shekarun dutse taswira ce ga mai neman arziki. Zinaren Kalgoorlie a Ostiraliya da na Witwatersrand a Afirka ta Kudu a tsofaffin sassan nahiyoyi suke. Na Ghana yana cikin duwatsu masu shekara kimanin biliyan 2.1. Kuzar Jos kuwa ta zo ne tare da wasu duwatsu 'yan baya-bayan nan, a jerin da ya faro daga tsaunukan Ayar a Nijar, shekarunsa na raguwa yayin da ake gangarowa kudu. Kowane ma'adini da zamaninsa. Wanda ya san zamanin dutse ya san abin da zai nema a cikinsa, ya kuma san inda haƙa asara ce.

Abin da ya kamata

Gaskiya ne irin waɗannan na'urori na cin miliyoyin daloli, kuma ba sa jure ɗaukewar wuta. Ƙasar da asibitocinta ke neman magani ba za ta fara da sayen su ba.

Amma akwai abin da bai kai haka tsada ba. A horar da ɗaliban kimiyyar ƙasa a manyan ɗakunan gwaji na waje, a kuma tanadar masu aikin da za su dawo su tarar. A wajabta wa duk kamfanin da ya fitar da samfurin dutse don gwaji ya miƙa sakamakon ga Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda tushenta ya faro tun 1919. Jami'o'i su haɗa ƙarfi a kan ɗakin gwaji guda mai aiki, maimakon goma da ƙura ta rufe.

Najeriya na ta kiran masu zuba jari su zo su haƙi litiyom da zinare. Mai zuwa kuwa da masanansa yake zuwa. A teburin ciniki, wanda ya fi sanin kaya shi ke yanka farashi. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ƙasar da ke zaune a kan dutse mai shekara biliyan 3.5, ya kamata a ce 'ya'yanta ne suka fi kowa iya karanta shi.