Sabuwar riga, tsohon birki

Wanda ya bi hanyar Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar alhamis ya san irin motocin nan da ko kamfanin da ya ƙera su ba zai shaida su ba. Tsohuwar Peugeot 504 ce, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Masu walda na Magarya sun yanke bayanta, sun kafa mata keji na ƙarfe, sun ƙara mata ƙarafan ɗaukar nauyi daga ƙasa, suka shafe ta da fenti mai sheƙi. Aikinsu na da kyau, kuma su ne ke raya motar da a Faransa da tuni ta shiga bola.

Amma fa birkin na asali ne, tayoyin ma haka. Buhunan wake da riɗi sun hau sama, fasinja sun hau kan buhuna; nauyi ya tashi daga ƙasa, ga rairayi, ga kwana.

Ɗan kasuwa, kafin ka biya, leƙa ƙarƙashi ka ga inda aka haɗa ƙarfe, ka gwada birkin da kaya a kai. Ka kuma duba takardun motar: in suna cewa ta mutum biyar ce, ran da ta faɗi kamfanin inshora da wannan takarda zai yi maka hisabi.