Mai son komawa ƙetare da tsufa ya duba takardunsa tun yau

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An saba faɗa wa samarin ƙasar Arewa wannan magana idan za su tafi biɗa bayan an gama girbin hatsi. Amma a yau akwai dattawa a Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa waɗanda maganar ta juyo musu ta ɗaya gefen. Sun yi shekara 30 ko 40 a Ikko, Kumasi, Abijan, Jidda ko Faransa, suka dawo gida domin hutawa, alhali ƴaƴa da jikoki suna can, gidan da suka gina yana can, likitan da ya san ciwonsu ma yana can. Da suka ɗaura niyyar komawa su ƙarasa kwanakinsu, sai suka tarar ƙasar da suka baro ita ma ta bar su.

Dalili kuwa shi ne hukumar shige da fice takarda take dubawa, ba ta ƙidayar shekarun da mutum ya yi yana wahala a ƙasar. Biza izinin shiga ce na ɗan lokaci. Takardar zama ita ce ke bai wa baƙo damar ya zauna, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna mutuwa idan mai su ya daɗe a waje.

Ƙasashen maƙwabta su ne suka fi sauƙi. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Dakar ran 29 ga Mayu 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, har tsawon kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama. Mutumin Tibiri da ke ƙetarawa zuwa Kangiwa ko Argungu wurin danginsa ba ya jin ya bar gida, amma doka tana kallonsa a matsayin baƙo. Tsofaffi ba su manta da umarnin gwamnatin Busiya ta Gana ba, a Nuwamban 1969, wanda ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, haka nan korar da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a Nijeriya a Janairun 1983. Bugu da ƙari, Nijar ta fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso za su ci gaba da shiga da zama kamar da, har sai an yanke wata shawara. Ke nan abin da ada haƙƙi ne ya koma rangwame. Kodibuwa, Benin da Togo kuwa suna tare da Nijar a cikin UEMOA, wadda ita ma ta tanadi walwalar jama'a tsakanin ƙasashenta.

A Gana, dokar shige da fice ta shekarar 2000 ta tanadi izinin zama marar iyaka ga baƙon da ya daɗe a ƙasar bisa ƙa'ida. Sai dai wanda ya samu izinin, ya bar ƙasar fiye da wata 12 a jere, ya rasa shi. Ɗan kasuwar da ya zo Dutsi jinyar mahaifiyarsa, damina biyu ta same shi a gona, yana iya komawa Kumasi ya tarar sai ya sake neman takarda.

Faransa ita ce ta yi wa ƴan ritaya tanadi na musamman. Katin zama na shekara 10 yana mutuwa idan mai shi ya yi fiye da shekara 3 a jere a wajen ƙasar. Domin haka dokar 11 ga Mayu 1998 ta ƙirƙiro katin ɗan ritaya. Ana ba da shi ga wanda ya taɓa riƙe katin shekara 10, yake karɓar fanshon tsufa daga asusun Faransa, ya kuma mayar da mazauninsa wata ƙasa. Katin yana aiki shekara 10, ana sabunta shi, mai shi yana shiga Faransa ba biza ya zauna har shekara ɗaya a kowace tafiya, amma ba shi da izinin aiki. Matar da ta zauna da shi can bisa ƙa'ida tana samun irinsa. Tun dokar 7 ga Maris 2016, mai wannan kati da ke son komawa ya zauna dindindin yana iya sake karɓar katin zama. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba sai bizar dogon zama ta mai ziyara, wadda ke buƙatar shaidar isasshen kuɗin shiga, inshorar lafiya da alkawarin ba zai yi aiki ba. Rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024 ya ƙara wa wannan hanya nisa.

Akwai kuma dattawan da burinsu shi ne su ƙarasa rayuwa a Makka ko Madina. Igamar ma'aikaci a Saudiyya tana rataye ne ga aikinsa, ranar da aka buga masa fitar ƙarshe ta mutu. Bizar Umra da ta ziyarar iyali ba su ba da izinin zama, wanda ya wuce wa'adi kuma tara, tsarewa da kora ke jiransa. A 2019 ƙasar ta buɗe izinin zama na musamman marar kafili, ta sa masa kuɗi Riyal 800,000 na dindindin, abin da ya haura miliyan 100 na Sefa, ko Riyal 100,000 a shekara. Ba kowane attajiri ne zai iya ba, balle ma'aikacin da ke jiran fansho.

Saboda haka, tun ran gini ran zane. Wanda ke shirin dawowa gida ya tambayi hukumar ƙasar da yake zaune, kafin ya ɗaure kaya, wata nawa zai iya yi a waje ba tare da katinsa ya mutu ba, ya rubuta ranar ya ajiye. Ya adana tsofaffin katunan zama, takardun albashi, na haraji, na aure da na haihuwar ƴaƴa, domin su ne shaidarsa. Ya kula sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a fasfo da sauran takardu. Ya kuma sani cewa karɓar fansho daga wata ƙasa, shi kaɗai, ba ya buɗe masa ƙofarta. Ya guji dillalan biza masu karɓar kuɗi a bayan fage, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Allah Ya sa a gama lafiya.