Shugaba Ya Gama Jawabi, Saura Bin Bashi

Jama'a, mu daina murɗe rediyo idan Shugaban Ƙasa ya tsaya gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa zai gabatar da kasafin kuɗin shekara. Na san abin da ake cewa a teburin mai shayi da tashar mota: "Kanwar ja ce, mun saba ji." To, wannan gajiyar tamu ita ce jarin masu wawure kuɗin. Sashe na 81 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ɗora wa shugaba nauyin ajiye lissafin abin da zai shigo da abin da za a kashe a gaban majalisa kowace shekara. Duk alkawarin da ya furta a ranar, kan tsaro ne ko tattalin arziki ko lafiya, bashi ne ya ci a gaban shaidu, kuma mu ne masu bin sa.

A ɗauki jawabin ranar 18 ga Disamba 2024. Shugaba Bola Tinubu ya kawo kasafin 2025 na kusan naira tiriliyan 50. Tsaro ya samu tiriliyan 4.91, ilimi 3.52, lafiya 2.48. Biyan bashi kuwa, tiriliyan 15.81. Wato abin da aka ware wa masu bin ƙasa bashi ya ninka na lafiyarmu sau shida har da ɗoriya. An tafa, an watse. Kafin a sa hannu a ƙarshen Fabrairun 2025, kasafin ya kumbura zuwa tiriliyan 54.99. Mu nawa ne muka tambayi inda ƙarin ya nufa?

A kan lafiya na fi so mu tsaya, domin nan ne hannun talaka zai fi kaiwa. A watan Afrilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Mu ne masu masaukin baƙi, amma sama da shekara ashirin bayan nan shugabanmu ya zo da abin da bai wuce kashi 5 ba. Sakamakon yana nan a ɗakin haihuwa: ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da ɗaya cikin kowace mace huɗu da ke mutuwa sanadin ciki ko haihuwa a duk duniya 'yar Najeriya ce. Wa bai je gaisuwar irin wannan rasuwar ba?

Duk da haka akwai kuɗin da doka ta riga ta ba mu, da yawanmu ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na haɗaɗɗen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Wani kaso nasa yana shiga kai tsaye asusun ƙananan asibitocin da aka tantance a gundumomi, kuma kwamitin raya gunduma yana da hurumin sa ido a kai. Iyaye mata, ku da kuke zuwa awo da rigakafi, ku tambayi jami'in da ke riƙe da asibitinku: kuna cikin masu karɓa? Nawa ya shigo? Me aka saya da shi? Ku tambaya cikin mutunci, ku tambaya a rukuni, ku koma wata mai zuwa ku sake tambaya.

Batun tsaro ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san satar ɗaliban Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga. Kowace shekara tsaro yana sahun gaba a kasafi, kuma kowace damina akwai manomi a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya taka gonarsa. Sojan da ke daji ɗanmu ne, shi ma hakkinsa ne mu san ko kuɗin alawus da kayan aikinsa sun isa gare shi. Kowane gari ya buɗe littafi: ranar hari, adadin waɗanda aka ɗauka, kuɗin fansar da aka haɗa, lokacin da aka kira jami'ai da lokacin da suka iso. Wannan littafin za a ajiye wa sanata da ɗan majalisa a gabansu.

A wancan jawabin na Disamban 2024 shugaba ya ce hauhawar farashi za ta sauko daga kashi 34.6 zuwa 15. Sai a lura da abu guda. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin da take awo da shi, alƙalumman suka faɗo daga 34.80 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu. Sabunta ma'auni ba laifi ba ne, ƙasashe suna yi. Amma uwar gida ma tana da nata ma'aunin, wato kuɗin kwanon masara da litar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, da kuma kwanakin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 yake kaiwa a wata. A riƙa rubuta su a ajiye.

Kuma a sani, rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Ayyukan raya ƙasa na kasafin 2024 sai da majalisa ta tsawaita wa'adinsu zuwa Yunin 2025, ta sake tsawaitawa zuwa Disamba. A tsakanin rubutawa da saki ne rijiyar burtsatse da rufin asibiti suke ɓacewa.

Don haka ɗalibai, ku sauke kundin kasafin daga shafin Ofishin Kasafi na Tarayya, ku zaƙulo ayyukan ƙaramar hukumarku, ku karanta wa dattawa da Hausa. Gidajen rediyo, ku ba wannan karatun fili kamar yadda kuke ba sojojin baka. Malamai, huɗuba kan amanar dukiyar jama'a ta fi tasiri idan ta zo da adadi. Ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da direbobi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa takardarku. Ku rubuta, ku sa hannu da yawa, ku karɓi kwafi mai hatimi. Idan kwana bakwai suka cika shiru, ku ɗauki kwafin ku kai gidan rediyo, ku kai ofishin mazaɓa na ɗan majalisarku, ku nemi lauya ya kai shi kotu.