Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamandan Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna

Ranka ya daɗe,

Wannan wasiƙa ta shafi matasan da ke da ƙarfin jiki da zuciyar aikin soja, amma sakamakon sakandarensu ya gaza kai su ƙofar makarantar da Mai Girma Kwamanda ke jagoranta. Tun da aka kafa makarantar, wato NDA, a 1964, musamman bayan ta fara ba da digiri a 1985, ma'aunin shiga ya ƙara jingina ga takarda: kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sannan makin JAMB, kafin a kai ga jarrabawar makarantar da kuma hukumar tantancewa, wato kwamitin da ke gwada lafiya da juriya da halayen mai nema.

Ba a neman a sassauta wannan ma'auni, domin hafsan da zai riƙe rayukan dakaru a fagen daga ba ya yiwuwa ya zama wanda karatun taswira ko lissafin harbin igwa zai gagare shi. Abin dubawa shi ne cewa raunin sakamako ba kullum yake nuna raunin ƙwaƙwalwa ba. Yaron da ya gama sakandare a ƙauyen da babu malamin Lissafi, ko a yankin da aka rufe makarantu watanni saboda 'yan bindiga, ya faɗi ne a gasar da ba a fara ta daga layi ɗaya ba. Kuma da yake akwai iyakar shekarun haihuwa, kowace shekarar da ya ɓata wajen sake jarrabawa tana matso da shi ga ranar da za a rufe masa ƙofa baki ɗaya.

Amurka ta daɗe da samo mafita. Tun 1946 sojojin ƙasa na can ke da makarantar share fagen shiga West Point, wato makarantar horar da hafsoshinsu. A wannan makarantar share fage ce ake ɗaukar ƙananan sojoji da matasa farar hula waɗanda aka ga alamar shugabanci a tare da su amma karatunsu bai kai ba, a ba su kimanin wata goma na Lissafi da Turanci da horon soja. Gama ta ba ya ba kowa kujera a West Point kai tsaye. Sai wanda ya cika sharaɗi, kuma wannan ne ya kare martabar tsarin.

Roƙon da ake gabatarwa shi ne Mai Girma Kwamanda ya kai wa Ma'aikatar Tsaro shawarar buɗe irin wannan aji na shekara guda, a fara da kuratan da suka fito daga Depo na Zariya, tunda su an riga an ga ɗa'arsu da juriyarsu a aikace, a kuma raba guraben bisa jihohi kamar yadda ake raba na makarantar kanta.

Allah ya ƙara wa Kwamanda lafiya.