Rijiyar Kusugu da Masu Ziyararta



Rijiyar Kusugu tana cikin tsohon birnin Daura, kusa da fadar Sarki, kuma ita ce baƙi ke fara nema in sun shigo garin. Tarihin baka ya ce a nan Bayajidda ya sare kan macijiya mai suna Sarki, wadda ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, bayan ya sauka a gidan tsohuwa Ayana. Aurensa da Magajiya Daurama shi ne tushen labarin Hausa Bakwai.

Yanzu an gina wa rijiyar ɗaki. Maziyarta kan jawo ruwan da guga su sha, wasu su cika gora su tafi da shi gida saboda imanin cewa yana magani. Cunkoso ya fi yawa lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal.

Ba a Daura kaɗai ruwa ke jan maziyarta ba: a Indiya, birnin Baranasi da ke bakin kogin Ganga na karɓar miliyoyin mabiya addinin Hindu masu wankan neman tsarki. Saɓanin can, ziyarar Kusugu ba ibada ba ce, tarihi ne, amma maziyartanta sun cancanci ƙwararrun 'yan jagora da bayani a rubuce da Hausa, aikin da ya rataya kan masarauta da gwamnatin Jihar Katsina.

Wani mai karatu,
Daura